Garin Zogale da Ruwan Rijiyar Mai: Bitar Wani Bincike Daga Kano

Tsakanin 1995 da 1996, Injiniya Suleyman Aremu Muyibi, malami a sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar da wasu maƙalu a jere, dukkansu a kan tambaya guda: me garin 'ya'yan zogale yake yi wa ruwa, kuma ta wace hanya yake yinsa? Biyu daga ciki ya rubuta su tare da L. M. Evison a Jami'ar Newcastle ta Ingila, suka fito a mujallar Water Research cikin 1995. Wasu biyun tare da C. A. Okuofu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi su, kuma ruwan Kano suka ɗebo suka yi gwajin da shi. Maƙalun ba su da tsawo, kowace 'yan shafuka ce. Amma na daɗe ina komawa gare su, kuma a ganina tare ya kamata a karanta su, a matsayin aiki ɗaya mai babi-babi.

Maganar mai ce ta sa na sake ɗauko su. A masarautar Gumel babu rijiyar mai ko ɗaya, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, sai dai man ya kewaye mu. Wanda ya tsaya a Maigatari ya fuskanci arewa, jihar Damagaram ce a gabansa, inda matatar Soraz, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a kullum, take aiki tun ƙarshen 2011 da ɗanyen man da ake turo mata ta bututu daga Agadem. A 2024 aka fara fitar da man na Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, ta wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000. Ta kudu kuma ga Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙo mai ranar 22 ga Nuwamba, 2022. Duk inda aka haƙo mai kuwa, da ruwa yake fitowa, gurɓataccen ruwa, wanda galibi ya fi man kansa yawa. Wannan na daga cikin abin da ya sa ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'inmu suka cika da ɗalibai masu ƙona ƙwallon goruba da na aduwa da ɓawon gyaɗa, suna neman abu mai araha da zai kama dauɗar ruwa a jikinsa. A cikin waɗanda suka zaɓi zogale, da wuya ka duba aikinsu ka rasa sunan Muyibi. Shi ya sa nake son mu duba abin da mutumin ya gano da hannunsa, mu raba shi da abin da ake jingina masa.

Ba shi ya fara lura da zogale ba. Tun 1981 Samia Al Azharia Jahn ta wallafa littafi a kan hanyoyin gargajiya na tace ruwa a ƙasashe masu zafi, hukumar GTZ ta Jamus ta buga shi, kuma ita ta yaɗa wa duniya labarin matan ƙauyukan Sudan na bakin Nilu, waɗanda suke daka 'ya'yan zogale su jujjuya a cikin ruwan kogi mai laka, su bar shi ya kwanta ya yi garau. Mu a nan da ganye muka san zogale. Kwaɗo ne da ƙuli-ƙuli, dambu ne, shinge ne a bayan gida. Kwanson kan bushe a bisa itacen, ya tsage, iska ta watsar da 'ya'yan masu fukafukai uku, ba mai sunkuyawa ya tsinta. In ruwan tabki ya yi laka, alimun muke nema a kasuwa. Gudummawar Muyibi ita ce ya ɗauki sanin matan nan ya ɗora shi a kan teburin injiniya, inda tambayoyin suke da lamba: giram nawa, minti nawa, da wane irin ƙarfin juyi.

Kayan aikinsa shi ne gwajin kwalabe, wanda duk ma'aikacin gidan ruwa ya san shi. Ana jera kwalabe masu faɗin baki, yawanci shida, kowace da ruwa daidai da na 'yar'uwarta. A cikin kowace an saukar da ƙaramin filafili, inji ɗaya ne yake juya su baki ɗaya, don kada wata ta ce an fifita wata. Sai a ɓare 'ya'yan zogale, a cire baƙin ɓawon da fukafukan, a niƙa farar ƙwayar ta yi laushi, a dama da ruwa. Kwalba ta farko a ɗiga mata kaɗan, ta biyu a ƙara, haka har ta ƙarshe. A juya da sauri na ɗan lokaci, a sassauta a ci gaba da juyawa a hankali, sannan a tsayar da injin a jira. Bayan laka ta sauka gindi sai a ɗebi na sama a auna. Ina son wannan gwaji saboda ba ya ɓoye komai. Ko wanda bai shiga aji ba, in ya tsaya gaban kwalaben, zai nuna maka da yatsa wadda ta fi.

Maƙalar da ta fi kwanta mini a rai ita ce wadda mutane suka fi tsallakewa, wato wadda ta tsaya a kan juyin kansa. Mai gaggawa zai ɗauka sirrin duk yana cikin yawan garin da aka zuba. Muyibi da Evison suka zauna suka rarrabe abin daki-daki: ƙarfin juyin farko da tsawonsa, ƙarfin juyi na biyu da tsawonsa, sannan yawan garin. Kowanne da aikinsa. Juyin sauri shi yake watsa sinadarin zogalen ya game ruwan kafin ya dunƙule a wuri ɗaya. Juyin hankali shi yake ba ƙananan ƙwayoyin laka damar cin karo da juna, su manne, su zama curi mai nauyin da zai iya nitsewa. In aka yi masa garaje, curin da ya fara haɗuwa sai ya wargaje. In aka yi sanyin hannu fiye da kima, ƙwayoyin ba za su haɗu ba. Suka kuma nuna cewa ma'aunin da ya dace da ruwa mai laka kaɗan ba shi ya dace da mai laka da yawa ba. Irin wannan haƙuri ba ya jawo wa mai bincike suna a jarida. Amma shi ne abin da mai kula da gidan ruwa yake buƙata da asuba in damina ta sauka, ruwan madatsa ya rikiɗe ya koma ja.

Daga ruwan Kano kuma suka fito da wani sakamako da na tabbata bai yi wa masoya zogale daɗi ba, suka kuma rubuta shi yadda yake. Zogale ya fi ƙwazo a ruwan da ya yi laka sosai. In lakar kaɗan ce, ƙwayoyin sun yi wa juna nisa, curin da ke haɗuwa ƙanana ne marasa nauyi, sai su yi ta yawo ba su kwanta ba. A irin wannan ruwa, abin da suka ga ya fi shi ne a haɗa zogale da alimun, a rage alimun ɗin da ake saye. Wannan gaskiyar ta ƙara mini yarda da sauran abin da suka faɗa. Mai tallan magani ba ya gaya maka ciwon da maganinsa ba ya yi.

Sai babin da ya fi kusa da maganarmu, wato na taurin ruwa. Duk wanda ya yi wanki da ruwan wasu rijiyoyi ya san shi: ruwa mai cin sabulu, ka goga ka goga ba kumfa, ya bar farin busasshen abu a gindin buta da tukunya. Narkakken kalsiyam da magniziyam ne suke jawo haka, kuma ido ba ya ganinsu, don ruwan yana iya zama garai-garai. Tace laka abu ne daban, cire abin da ya riga ya narke abu ne daban. Muyibi da Evison suka gwada ruwa iri huɗu: wanda suka haɗa da kansu ta hanyar zuba gishirin kalsiyam a tsarkakakken ruwa, da ruwan sarari mai tauri na asali, da na rijiyoyin burtsatse guda biyu a wurare daban-daban. Taurin ya kama daga miligiram 300 har zuwa 1,000 a kowace lita. Suka ga duk sa'ad da aka ƙara garin zogale, taurin yana ƙara raguwa. Suka kuma lura da wani abu mai kyau: in ruwa biyu taurinsu ɗaya, amma ɗaya ya tara nau'o'in sinadaran tauri fiye da ɗaya, to mai tarin nau'o'in ya fi cin gari kafin ya sauko. Tare da Okuofu kuma, a maƙalar 1996, aka bi rijiyoyi 17 na haƙar hannu a Kano aka ɗebo ruwansu, irin wanda 'yan ga-ruwa suke turawa lungu-lungu, aka ga abin yana tafiya a kan wannan layi.

Bayanin da suka bayar na yadda abin ke faruwa kashi biyu ne. Wani ɓangare na sinadaran yana rikiɗewa ya zama abin da ba ya narkewa, ya sauka ƙasa. Wani ɓangaren kuma mannewa yake yi a jikin ƙwayoyin garin, kuma suka ce tsarin mannewar ya yi kusa da wanda Irving Langmuir ya siffanta. Langmuir masanin sinadarai ne na Amurka, ya fitar da lissafinsa wajen 1918, ya kuma sami kyautar Nobel a 1932. Tunaninsa mai sauƙi ne. Ka ɗauki kara ta Maigatari ranar Alhamis, ka ƙaddara cewa turakun da aka kafa ƙidayayyu ne, kowane turke sa ɗaya yake ɗauka. Da safe, turaku a sake, duk san da ya shigo nan take za a ɗaure shi. Da rana ta take sai an zagaya kafin a sami gurbi. In turaku suka cika kuwa, ko garke nawa aka ƙara korowa, ba wanda za a ɗaure. Haka jikin garin zogale yake, haka na gawayi, haka na yumɓu. Guraben kamu suna da iyaka, kuma lissafin Langmuir yana gaya wa injiniya iyakar, wato dauɗa nawa giram ɗaya zai ɗauka kafin ya ƙoshi. Sarrafaffen gawayi ya yi fice ne saboda yawan gurabensa: giram ɗaya na mai kyau yana iya ɓoye fili fiye da murabba'in mita 1,000 a cikin ƙananan ramukansa.

Wani sakamakon da nake jinjina wa shi ne cewa tsamin ruwa ko kanwa-kanwarsa bai sauya yadda zogale yake rage tauri ba. Alimun ba haka yake ba. Yana da ma'aunin da yake so, shi kansa kuma yana tsamama ruwa, har sai an bi shi da farar ƙasa an daidaita. A garin da ba mai auna ruwa kullum, abin da ba ya buƙatar wannan lallashi ya fi amfani nesa ba kusa ba. A shekarar 1995 ɗin dai, a mujalla guda, wasu masu bincike na Jami'ar Sherbrooke ta Kanada, Ndabigengesere da Narasiah da Talbot, suka bayyana abin da ke aikin a cikin ƙwayar: wani ƙaramin furotin ne mai ɗauke da cajin lantarki kishiyar wanda ƙwayoyin laka suke ɗauke da shi, sai ya manne musu ya kashe turjiyar da ke hana su haɗuwa. Suka kuma ga lakar da zogale yake bari a ƙasa ba ta kai ta alimun yawa ba, da ninki huɗu zuwa biyar. Na Kanada sun faɗi mene ne, na Kano sun faɗi yadda ake aiki da shi. Ni dai na biyun ya fi ba ni sha'awa, wataƙila don na taso a inda ake jan guga mai dogon igiya.

To, mu kai wannan duka bakin rijiyar mai mu gani.

Ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai tsohon ruwa ne da ya kwanta a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da ba a san adadinsa ba. Ƙididdigar da aka fi ambatawa a duniya ita ce wajen ganga uku ta ruwa a kan kowace ganga ɗaya ta mai, kuma rijiya tana tsufa ruwanta yana ƙaruwa. A cikinsa akwai ɗigo-ɗigon mai da ke yawo, wasu ƙanana ƙwarai har ba sa tasowa sama. Akwai abin da ya narke daga man, irin su benzin mai haddasa ciwon daji na jini. Akwai ƙarafa irin su bariyam, wani lokaci har da ɗan radiyam mai fitar da tururin nukiliya. Akwai magungunan da kamfanin da kansa ya zuba don hana bututu tsatsa. Uwa-uba akwai gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri a lita. Na wasu rijiyoyin mai yana kaiwa giram 200 har 300. Wasu filayen ruwansu bai kai haka zartsi ba, kowane da halinsa, amma gishirin shi ne babban ciwon kai a mafi yawansu.

Kamfanonin mai hawa-hawa suke bi. Da farko a bar ruwan a manyan tankoki, mai ya taso a kwashe. Sai a wuce da shi cikin na'urar da ke murɗa shi da ƙarfi, nauyi ya raba mai da ruwa, ko a busa masa ƙananan kumfar iskar gas su ɗauko ɗigon man zuwa sama. Daga nan ne kayan kamu suke shigowa, don su tsince abin da ya rage. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ɗaya daga cikin matatan da masana'antar ta fi yarda da su a wannan mataki ba wani abin ƙera ba ne, ɓawon 'ya'yan itacen walnat ne da aka farfasa aka cika tanki da shi. Mai yana maƙale masa, in ya ƙoshi a wanke shi da ruwa a sake amfani da shi. Saboda haka ɗalibin da ke daka ƙwallon aduwa a Dutse ko Kano ba wasa yake yi ba, yana kan hanyar da manya suka bi. Bayan ɓawon akan ƙara da gyararren yumɓu da sarrafaffen gawayi, su ne masu kama narkakken benzin da danginsa. Ma'aunin da ake bi yana da tsauri: a Tekun Arewa na Turai, ruwan da za a zubar kada man da ke cikinsa ya wuce miligiram 30 a lita. A tudu kuwa, mafi yawan ruwan mayar da shi ake yi can ƙarƙashin ƙasa ta wata rijiyar.

Ina zogale zai zauna a wannan jeri? A fahimtata, gurbinsa yana wajen tattara laka da ƙananan ɗigon mai, domin su ma ɗigon man galibi cajinsu irin na laka ne, furotin ɗin zai iya jawo su su dunƙule. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, yana sauƙaƙa wa matatan da ke gaba. Amma gishirin girki, wanda shi ne kaso mafi yawa na zartsin ruwan rijiyar mai, ba ya manne wa zogale, ba ya manne wa gawayi. Ruwa mafi tauri da Muyibi ya gwada giram ɗaya ne a lita. Tsakaninsa da ruwan da ke ɗauke da giram 100 akwai tazarar da maƙalun ba su taka ba, ba su kuma yi da'awar sun taka ba. Maƙalar taurin ruwa da bakinta ta kira kanta binciken share fage. Masu ambatonta ne suke mantawa da wannan.

Akwai kuma lissafin buhu. Mu ƙaddara miligiram 100 na gari a kowace lita, wanda ma'auni ne na tsaka-tsaki a tace laka. Ganga ɗaya lita 159 ce. Filin da ke ba da gangar mai 20,000 a rana, in ya bi ƙididdigar uku bisa ɗaya, zai fitar da gangar ruwa 60,000, wato lita miliyan tara da rabi. Garin da zai ci ya kusa tan ɗaya, kullum, rani da damina. Ba abin da ya gagara ba ne in an yi gonaki domin haka, musamman da yake ƙwayar tana da mai wajen kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, kuma in an matse man, tunkuzar da ta rage tana nan da ƙarfinta na tace ruwa. Amma noma ne na gaske, da rumbu da kasuwa da mota, ba tsintar kwanso a shingen bayan gida ba. Maƙalun ba su shiga wannan lissafi ba, kuma ina jin rashinsa.

Inda nake da ja a kan ilimin kansa shi ne wajen Langmuir. Marubutan sun ce abubuwa biyu ne suke faruwa a kwalba ɗaya a lokaci ɗaya, mannewa da rikiɗewa zuwa abin da ba ya narkewa. Abin da ake aunawa kuwa guda ne, wato taurin da ya rage a ruwan. In haka ne, yaya za a san kason kowanne? Layin da aka zana a takarda yana iya kama da na Langmuir ko da rabin aikin ba mannewa ba ce. Su sun yi taka-tsantsan, “ya yi kusa” suka nufa, ba su ce ya dace cif ba. Sai dai ɗabi'ar ta yaɗu a bayansu, har ta zama kamar farilla: a jiƙa gari a kwalba, a zana layi, a ce ya bi Langmuir, a rufe littafi. Ba laifin Muyibi ba ne, amma da ya ware hanyoyin biyu da gwaji na musamman, da ya bar wa magadansa misali mafi wuyar kwaikwayo da ka.

Rauni na biyu ya fi shafar mai randa. Garin zogale abinci ne. Bayan furotin mai aikin, yana sakin mai da sauran kayan gina jiki a cikin ruwan, kuma rage tauri yana son gari mai yawa. Ruwan da ya yi garau da safe, in ya kwana ya wuni a zafinmu, ƙwayoyin cuta suna samun abin ci su sake yaɗuwa, har ya fara wari. In kuma aka zuba masa kilorin, yana haɗuwa da ragowar ya haifar da wasu sinadaran da ba a so. Waɗanda suka zo daga baya sun yi aiki a kan wannan. A 1999 Okuda da abokan aikinsa a Jami'ar Hiroshima ta Japan suka nuna cewa in da ruwan gishiri aka jiƙa garin, ƙarfin abin da ake samu ya ninka na ruwan zalla wajen sau bakwai, sai buƙatar garin ta ragu. A 2012 kuma ƙungiyar Stephanie Velegol a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ta fito da dabarar da ta fi burge ni: a jiƙa yashi a ruwan zogale, furotin ya manne wa yashin, a ɗauraye sauran tarkacen a zubar, sai a tace ruwa da yashin. Furotin ya yi aikinsa, abincin ƙwayoyin cuta bai bi ruwan ba. Yashi kuwa, a ƙasar Gumel, ba sai an saya ba.

Na uku shi ne tambayar da kusan duk masu binciken kayan kamu suke kauce wa: in gari ya ƙoshi, ina za a kai shi? Kamu ba ya kashe guba, wuri kawai yake sauya mata. Lakar da ta fito daga ruwan tabki ana iya watsa ta a gona. Wadda ta kamo benzin da bariyam kuwa ta fi ruwan da ta fito daga cikinsa haɗari, tunda an tattara gubar wuri ɗaya. A nan ƙasarmu take da rauni na musamman. Yankin Gumel a kan shimfiɗar yashi da yumɓu ta kwarin Chadi yake, ba kogin da ke gudu duk shekara, damina gajera ce, mutum da dabba duk ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha in tabkuna sun ƙafe. Abin da aka binne a jigawa, ruwan sama yana iya tafiya da shi ƙasa. Wanda yake son ya ga ƙarshen irin wannan sakaci ya duba rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a watan Agusta 2011. A Nisisioken Ogale an sami rijiyoyin sha da benzin ɗinsu ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ga tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma rahoton ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Saura maganar inda aikin ya tsaya. A farkon shekarun 1990 masu bincike daga Jami'ar Leicester ta Ingila sun kai zogale wani cikakken gidan ruwa a Thyolo, kudancin Malawi, suka tace ruwan kogi mai laka da shi a ma'aunin gari guda, ya kuma yi. Aikin Kano bai sami irin wannan fita daga kwalba zuwa tanki ba. Muyibi daga baya ya koma koyarwa a Malesiya, ya ci gaba da binciken zogale a can, gidajen ruwanmu kuma har yau alimun suke saye. Maƙalun da Turanci suke, a mujallun da sai an biya ake buɗewa. Rijiyoyi 17 aka ɗebi ruwansu, kuma masu rijiyoyin ba su da hanyar karanta abin da aka gano. Wannan ba aibin marubuci ɗaya ba ne, haka tsarin yake, amma yana ci mini rai duk sa'ad da na ga mace tana sayen alimun alhali ga zogale ya yi kwanso a kan katangarta.

Da zan ba ɗalibin da ke neman abin bincike a Gumel ko Dutse shawara, ba zan tura shi Kolmani ko Agadem neman ruwan da ba za a ba shi ba. Ruwa mai gauraye da mai yana nan a gefen kasuwar Maigatari: wurin wankin manyan motoci da tankoki, garejin da ake juye baƙin mai a ƙasa, rumfunan 'yan bumburutu inda ake ɗauraye jarkoki. Ba shi da gishirin rijiyar mai, saboda haka ya faɗo daidai inda zogale da gawayi suke da ƙarfi. Ya ɗebo shi ya bi tsarin Muyibi sau da ƙafa, ya auna juyi da minti da giram, ya rubuta inda abin ya gaza kamar yadda Muyibi ya rubuta. Sannan ya ƙara matakan da maƙalun suka bari: ya cika durom da yashin da aka jiƙa a ruwan zogale, ya bi shi da na gawayin goruba, ya bar ruwan yana bi ta ciki har ranar da mai ya fara ɓullowa ta ƙasa, ya rubuta lita nawa suka wuce kafin nan. Daga ƙarshe ya auna nauyin abin da ya rage a cikin durom ɗin, ya faɗi inda za a ƙona shi ko a adana shi, da kuɗin da hakan zai ci.